Kundin girka manhajar JOSM a ɗakin koyon taswira na Gombe, Janairu zuwa Fabrairu 2025

Litinin, 13 ga Janairu, 2025

Na buɗe wannan kundi ne domin duk wanda zai riƙe ɗakin nan bayana ya san abin da aka yi wa kowace kwamfuta da kuma dalilin yin sa. Abin da muka sa a gaba shi ne koya wa matasan Pantami da Bolari da Jekadafari da Tudun Wada zana taswirar unguwanninsu a OpenStreetMap, kuma za mu fara da abin da ya fi ci wa mutanen Gombe tuwo a ƙwarya da zarar damina ta kankama, wato kwazazzabai da magudanan ruwa da kwalbatoci. Wanda ya taɓa ganin yadda ruwa ke cin bakin kwari har ya iso gindin katangar gida, ba sai an gaya masa amfanin sanin inda kowace magudana ta taso da inda take zubewa ba.

OpenStreetMap, wadda ake taƙaitawa da OSM, taswirar duniya ce da kowa ke iya gyarawa. Steve Coast ne ya kafa ta a Ingila a 2004, kuma tun 2012 bayananta suna ƙarƙashin lasisin ODbL, wanda ya ba ɗalibi da hukuma da ɗan kasuwa damar amfani da su kyauta muddin sun ambaci inda suka samo su. Ana iya gyara ta cikin burauza da editan iD, amma na zaɓi JOSM, manhajar da Immanuel Scholz ya fara rubutawa da harshen Java a 2005, saboda dalili ɗaya babba: mutum zai sauke yankin da yake so, ya yi aikinsa ko da intanet ta ɗauke, ya adana a fayil, sannan ya ɗora idan ta dawo. A garin da data ke da tsada, wuta kuma ba ta da tabbas, wannan ya wuce a kira shi ƙaramin al'amari.

Kwamfutocinmu bakwai ne. Uku na tebur ne masu Windows 10 da RAM mai gigabait 4, sai tsohuwar laftof mai Windows 10 da gigabait 2 kacal, sai laftof biyu masu Linux Mint 21, sai MacBook ta wata malama da za ta zauna da mu. Burina shi ne a ranar da za a fara karatu, duk allon da ɗalibi ya kalla ya ga abu iri ɗaya.

Laraba, 15 ga Janairu

Na fara da na Windows. A shafin josm.openstreetmap.de akwai fitowa iri biyu, wadda suke kira "tested" da wadda suke kira "latest". Ta farkon ce aka gwada aka amince da ita, ta biyun kuwa kusan kullum ake sabunta ta domin masu gwaji, don haka ta farkon muka ɗauka kuma ita za mu tsaya a kai a ko'ina. Fayil ɗin girkawa na Windows yana ɗauke da tasa Java a ciki, ba sai an nemo ta daban ba. Sau ɗaya na sauke shi, na zuba a filashi mai gigabait 32 da na saya naira 6,000, na bi kwamfutocin tebur ɗaya bayan ɗaya. Biyu sun karɓa lafiya lau, har na sauke wani yanki na Bolari, hoton tauraron ɗan Adam na Esri ya bayyana a ƙarƙashin layukan. Ta ukun ta girku, ta buɗe, amma ta ƙi sauke komai.

Alhamis, 16 ga Janairu

Kwamfuta ta uku ta ci mini wunin yau. Saƙon da JOSM ke bayarwa yana magana ne a kan takardar shaidar tsaro ta shafin OSM, cewa ba za a iya tabbatar da ita ba, alhali kwamfutocin da ke gefenta suna kan intanet ɗaya da ita kuma suna aiki. Na cire manhajar na sake girkawa, na kashe manhajar riga-kafin ƙwayar cuta na ɗan lokaci, na sauya waya, duk dai shiru. Bayan la'asar na kira injiniyan da ke gyara mana, na karanta masa saƙon. Bai ma bari na ƙarasa ba ya ce, "Malam, duba mini kwanan watan da ke kusurwar allon." Kwamfutar tana can baya da shekaru masu yawa.

Ga yadda abin yake. Kowace takardar shaidar tsaro tana da ranar da ta fara aiki da ranar da za ta ƙare, kuma da agogon kwamfuta ake auna su. Idan agogon ya koma baya, sai takardar da aka bayar bana ta zama kamar lokacinta bai yi ba tukuna, Java kuwa ba ta yin sassauci a nan. Abin da ke riƙe agogon idan an kashe wuta wani ɗan batir ne zagayayye mai lamba CR2032 a kan babban allon cikin kwamfutar, kuma na wannan ya mutu. Da injiniyan ya buɗe akwatin, ƙurar hunturu ta yi kauri a kan fanka har ganyenta ba sa fita sosai, sai da ya bi ta da burushi da abin hura iska. Na sa an sauya batir ɗin a duka ukun, naira 500 kowanne, domin tsararrakin juna ne. Bayan an daidaita agogo, sauke bayanai ya tafi ba gardama.

Asabar, 18 ga Janairu

Na sayi linzamin kwamfuta biyar masu waya a kasuwa, naira 3,500 kowanne. A JOSM da maɓallin dama ake jan taswira, da ƙaramar tayar tsakiya ake matso da ita ko nisanta ta, don haka laftof ba tare da linzami ba wahala ce tsantsa. Data ta wata ɗaya, naira 12,000.

Talata, 21 ga Janairu

Tsohuwar laftof ta ƙi karɓar fayil ɗin girkawa gaba ɗaya, domin Windows ɗin da ke kanta mai bit 32 ce, shi kuwa fayil ɗin na masu bit 64 ne. Hanyar da ta rage ita ce a nemo Java daban a kuma sauke fayil ɗin josm-tested.jar, wanda ke tashi a kan kowace irin kwamfuta muddin akwai Java. Sababbin fitowar JOSM suna buƙatar Java 11 ko sama da haka, tsohuwar Java 8 da na tarar a laftof ɗin ba ta isa ba, sai na sauke Temurin 17 mai bit 32.

Ta buɗe, amma da na sauke yanki mai ɗan faɗi na kunna hoton sama, sai ta fara tsayawa tana tafiya, daga bisani ta ce wurin ajiyarta ya cika. Idan ba a gaya wa Java komai ba, ba ta ɗaukar fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na RAM ɗin kwamfuta, wanda a nan bai wuce megabait 512 ba. Na rubuta ɗan fayil mai ƙarshen .bat a kan allo da wannan layi a ciki: java -Xmx1024m -jar josm-tested.jar. Da wannan ta samu gigabait ɗaya, aiki ya yiwu, sai dai idan aka buɗe burauza tare da ita komai yana daskarewa, kuma ba makawa sai an buɗe burauza wajen shiga asusu.

Da na duba bayanan na'urar sai na ga cewa Windows ɗin ce kawai mai bit 32, injin da ke ciki yana iya ɗaukar bit 64. Wannan ya sauya mini shawara. Microsoft ta sanar cewa za ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, ita kuwa Windows 11 tana neman sashen tsaro mai suna TPM 2.0 da sababbin injina, abin da wannan laftof ba ta da shi. Ban ga hikimar kashe kuɗi a kan tsarin da ya rage masa watanni tara ba. Zan ƙara mata RAM, a sauya mata faifai, a ɗora mata Linux.

Jiya hukumar NCC ta amince kamfanonin sadarwa su ƙara farashi da kashi 50 cikin ɗari. Dole in sake lissafin data.

Juma'a, 24 ga Janairu

Na ɗauka Linux ce za ta fi sauƙi, tunda JOSM tana cikin rumbun manhajojin Mint, dannawa ɗaya ta girku. Ta girku kuwa, ta sauke taswira, ta zana layuka, amma da na zo shiga asusun OSM sai ƙofa ta rufe. Dalilin yana da muhimmanci ga duk mai tsohuwar Linux, shi ya sa zan yi masa bayani filla-filla. An gina Mint 21 a kan Ubuntu 22.04, kuma manhajojin rumbun irin wannan tsari sukan tsaya a kan fitowar da aka ɗauka lokacin da aka haɗa shi, wato JOSM ɗin da ke ciki ta farkon 2022 ce. A tsakiyar 2024 kuwa OSM ta rufe tsofaffin hanyoyin shiga, wato tura suna da kalmar sirri kai tsaye da kuma OAuth 1.0a, ta bar OAuth 2 kaɗai, hanyar ba manhaja izinin shiga asusu ta burauza, wadda waccan tsohuwar fitowar ba ta san da ita ba. Mutum zai iya wuni yana zane da ita, a ƙarshe ya rasa yadda zai ɗora ko gida ɗaya.

Akwai JOSM a Flathub, wani rumbun manhajojin Linux masu tsarin Flatpak, Mint kuma tana karɓar Flatpak, amma na ga girman abubuwan da za ta jawo tare da ita a karon farko na haƙura. Na zaɓi rumbun da masu JOSM ke kula da shi da kansu a josm.openstreetmap.de/apt. Ana ajiye makullin sa hannunsu, a ƙara layin rumbun a jerin tushen manhajoji, sannan a yi apt update da apt install josm. Wurin da ake tuntuɓe shi ne sunan fitowa. Rumbun ya san sunayen Ubuntu, Mint kuwa tana da nata sunayen, don haka a kan Mint 21.3 sai a rubuta jammy, kada a rubuta virginia. Bayan haka sabuwar fitowa ta hau kan tsohuwar, asusu ya buɗe.

Laftof ta biyu ta wani ɗalibi ce mai koyon rubuta manhaja, kuma kafin in zo ya riga ya sauke fayil ɗin jar da kansa. Ya tare ni da cewa, "Malam, Java tana nan, na duba, amma taga ba ta fitowa." Saƙon kuskuren yana ɗauke da kalmar HeadlessException. Javar da ya girka ita ce wadda sunanta ya ƙare da headless, wadda aka tanada domin uwar garke marar allo, babu sashen zana taga a cikinta. Da muka bi hanyar rumbu, apt ta jawo cikakkiyar Java da kanta. Na ji daɗin yadda ya zauna ya kwafe kowane layi a littafinsa. Shi zan damƙa wa kula da na Linux.

Litinin, 27 ga Janairu

An kai tsohuwar laftof wajen injiniya. RAM mai gigabait 4 na hannu naira 9,000, faifan SSD mai gigabait 128 naira 16,000, ladan aikinsa na yau da na ranar da ya sauya batura naira 5,000.

Alhamis, 30 ga Janairu

Malama ta kawo MacBook ɗinta. Girkawa ba ta ɗauki lokaci ba: an sauke fayil ɗin zip na macOS, wanda shi ma yana tafe da tasa Java, aka kwance shi, aka ja JOSM zuwa foldar Applications, na'urar ta tambaya ko mun amince a buɗe abin da aka sauko da shi daga intanet, muka amsa. Bambancin yana wajen hannu. Duk inda takardar darasi ta ce a danna Ctrl, a Mac maɓallin Command ne, kuma F12 da ke buɗe saituna a Windows da Linux a nan ƙarar sauti yake ƙarawa, sai dai a danna Command da waƙafi. Na'urar ba ta da irin ramin USB da linzaminmu ke shiga, sai da na sayi adafta naira 4,000. Ta ce, "Malam, ashe ni kaɗai zan riƙa fassara darasi a kaina kafin in danna." Ta yi gaskiya, shi ya sa na sake buga takardar gajerun hanyoyi da layi biyu, na Ctrl da na Command, gefe da gefe.

Laftof ta dawo da yamma. Na ɗora mata Linux Mint 22 mai fuskar Xfce, wadda aka gina a kan Ubuntu 24.04, don haka sunan da aka rubuta a layin rumbu shi ne noble. Wadda makon jiya take daskarewa idan an buɗe burauza, yanzu ta riga na tebur tashi.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Yau aikin daidaita su ne, kuma a ganina shi ne ginshiƙin komai. Na bi duka bakwai ɗin na duba lambar fitowa a rahoton da ke ƙarƙashin Help, na tabbatar iri ɗaya ce. Filogin, wato ƙananan kayan aikin da ake ƙara wa manhaja, uku na zaɓa: buildings_tools domin zana gini mai kusurwa huɗu da maɓallin B, utilsplugin2, da todo domin bin jerin abubuwa ɗaya bayan ɗaya. Ban ƙara ko ɗaya a kai ba, domin kowane filogin yana ƙara maɓallai, mai koyo kuwa yawan maɓallai ne ke fara razana shi.

Wurin da JOSM ke ajiye kayanta ya bambanta, kuma na rubuta shi a jikin bango. A Windows saituna da filogin suna cikin %APPDATA%\JOSM. A Linux saituna suna ~/.config/JOSM, filogin suna ~/.local/share/JOSM, hotunan da aka sauke suna ~/.cache/JOSM. A Mac saituna suna ~/Library/Preferences/JOSM, filogin kuma suna ~/Library/JOSM. Mutum zai so ya daidaita kwamfuta ɗaya ya kwafe fayil ɗin preferences.xml zuwa sauran, amma a cikinsa ake ajiye izinin shiga asusu, wanda ya kwafe shi haka nan ya raba wa kowa makullin asusunsa ke nan. Na cire izinin tukuna kafin in kwafa. Na kuma ƙara girman ma'ajiyar hotunan sama a kowace kwamfuta, domin hoton da aka sauke yau kada a sake biyan kuɗin datarsa gobe.

Na kunna allon madannai na Hausa a Windows da Linux saboda sunayen da za a rubuta da ƙ da ɗ da ɓ a alamar name:ha, wadda ke ɗauke da sunan wuri da Hausa a OSM.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Darasin farko. Ɗalibai goma sha biyu, bibbiyu a kwamfuta, malama a kan tata. Shiga asusu ya cinye rabin lokacin. A tsarin OAuth 2, JOSM tana buɗe burauza, mutum ya amince a shafin OSM, sannan burauzar ta mayar da izinin ga JOSM ta wata ƙofa ta cikin kwamfutar mai lamba 8111. A ɗaya daga cikin na tebur izinin ya ƙi komawa. Da na leƙa ƙasan allo sai na ga JOSM biyu a buɗe: ɗalibar ta danna, ta ga shiru saboda nauyin tsohon faifai, ta sake dannawa. Ta farkon ta riƙe ƙofar, ta biyun da take kallo ba ta samu ba. Aka rufe duka aka buɗe ɗaya, ya wuce.

Matsala ta biyu ta fi wannan haɗari domin ba ta nuna kanta. Idan ɗalibi ya gama ya tashi bai fita daga asusunsa a burauza ba, wanda ya zauna bayansa zai karɓi izini da sunan na farkon, duk abin da ya ɗora kuma a kan na farkon za a rubuta shi, mai kyau ko marar kyau. Na kafa doka: kafin a tashi a cire izini a JOSM, a fita a burauza, abokin zama ya shaida.

Mun zana gidaje kaɗan a Jekadafari. Na daɗe a kan wani abu da hoton sama ke ruɗar baƙo da shi: gidanmu na gargajiya ba gini ɗaya ba ne. Akwai zaure, akwai ɗakuna a jere, akwai tsakar gida a buɗe, katanga ta kewaye su. Rufin kwano shi ne building=yes, katanga barrier=wall ce, tsakar gida kuwa ba a zana ta a matsayin gini. Na kuma gargaɗe su cewa ba a kwafar komai daga Google Maps, domin lasisinta bai yarda ba, kuma abin da aka kwafa yana iya jawo a goge aikin mutum.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Wuta ta ɗauke ana tsakiyar zane, kafin a tayar da janareta na tebur uku sun mutu. Ɗalibai shida suka yi tsuru-tsuru. Da aka kunna, JOSM ta nuna cewa ta tarar da aikin da ba a adana ba, ta tambaya ko a dawo da shi, domin tana ajiye kwafi da kanta duk bayan minti biyar. Abin da aka rasa bai wuce gidaje kaɗan ba. Duk da haka na sa kowa ya saba da adana fayil ɗin .osm da sunansa da kwanan wata kafin ya ci gaba. Fetur na wannan mako, naira 8,000.

Talata, 11 ga Fabrairu

Ƙungiyoyi biyu sun sauke yanki ɗaya a Pantami, kowacce ta gyara titi ɗaya. Ta farko ta ɗora lafiya, ta biyu uwar garke ta mayar mata da aikin, domin kowane layi a OSM yana da lambar fitowa, kuma wanda ke hannunsu ya riga ya tsufa. Warware irin wannan saɓani a JOSM yana yiwuwa, taga ce mai nuna naka da nasu ka zaɓa, amma ga wanda ya fara makon jiya abu ne mai tsinka zuciya. Na zauna da su muka bi ɗigo ɗigo. Daga yau an raba unguwa da manyan tituna, kowace ƙungiya da nata yanki, titin iyaka kuma na mutum ɗaya ne. An kuma rage girman abin da ake saukewa. Uwar garke ba ta bayar da fiye da ɗigo 50,000 a sauke ɗaya, ba ta kuma karɓar fiye da sauyi 10,000 a ƙunshi ɗaya, amma mu ko kusa da haka ba ma buƙata. A ɗora kaɗan kaɗan, da bayanin abin da aka yi, bayan an bi gargaɗin mai tantancewa, wato sashen JOSM da ke duba kurakurai.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Mun fita da wayoyi muka bi wata magudana da ƙafa, muna ɗaukar sawun GPS da manhajar waya ta OsmAnd. Da aka zuba fayilolin GPX masu ɗauke da sawun a JOSM sai ga hoton Bing da na Esri ba su zauna wuri ɗaya ba, akwai 'yan mitoci a tsakaninsu. Wayar hannu ma tana kuskure, don haka ba a dogara da sawu ɗaya. Mun tara na mutane da yawa muka duba tsakiyarsu, muka gyara zaman hoton, muka adana gyaran da suna ɗaya a duka kwamfutocin. In ba haka ba, magudanar da aka zana a Mac ba za ta haɗu da kwalbatin da aka zana a Windows ba.

Alamomin da muka tsayar su ne waterway=drain ga magudanar siminti, waterway=ditch ga ta ƙasa, tunnel=culvert da layer=-1 ga guntun da ya bi ƙarƙashin titi, waterway=stream da intermittent=yes ga rafin da ke ƙafewa da rani. Dole layin ya bi inda ruwa ke gangarawa, abin da hoton sama ba ya nunawa amma yaran unguwa sun sani sarai.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

JOSM ba ta buga taswira mai kyan gani ba ce, don haka na girka QGIS, manhajar tsara taswira da buga ta, a kwamfutar tebur ɗaya kawai, saboda fayil ɗinta na Windows ya haura gigabait ɗaya. Gombe tana kusa da digiri 10 arewa da digiri 11 gabas, wato cikin shiyya ta 32 ta tsarin awon taswira na UTM, sai na sa lambarta EPSG:32632 domin awo ya fito da mita. Na jawo bayananmu da filogin QuickOSM, na buga a takardar A3 da ambaton masu ba da gudummawar OpenStreetMap a ƙasa, naira 3,000.

Da yamma muka kai wa mai unguwa. Ya shimfiɗa ta a kan tabarma, ya bi layin shuɗi da yatsa har ya tsaya a inda muka zana hanya ta ƙetare kwari. Ya ce, "Malam, wa ya ce muku akwai gada a nan?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ba mu sa gada ba, hanya muka gani a hoto." Ya ce da rani ne kawai ake bi, da damina ko babba ba ya gigin shiga, kuma yara 'yan makaranta ta nan suke yanke. An sa wa wurin ford=yes, alamar mashigin ruwa marar gada, a daren. Ya kuma nuna mana kwalbatoci biyu da yashi ya binne har ba a ganinsu daga sama.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Darasin ƙarshe kafin azumi, wanda ake sa ran farawa ranar Asabar ko Lahadi. Duka bakwai ɗin suna aiki a kan fitowa ɗaya. An samu sabuwar fitowa, amma na hana sabuntawa ɗaiɗai. Za a yi wa duka rana ɗaya, a fara gwadawa a kwamfuta guda a ga filogin sun tashi.

Jimillar abin da aka kashe naira 116,000 ce. A ciki data ta ci 30,000, fetur 24,000, wato su biyun sun kusa rabi, alhali ba a biya ko kwabo a kan manhaja ba. Sauran 62,000 sun tafi a kan linzamai, batura, filashi, adafta, RAM, SSD, ladan injiniya da bugu.

A cikin azumi za mu koma darasin safe sau ɗaya a mako, aikin ɗaki kawai, gyaran gargaɗin mai tantancewa da cike sunayen tituna. Bayan sallah akwai abu uku a gaba: a sa wa na tebur SSD ɗaya bayan ɗaya a mayar da su Mint 22 kafin Oktoba, ban da mai QGIS wadda za a bari zuwa ƙarshe, a nemi farashin ƙaramar inbata da batir da za su riƙe su ukun ko da na rabin awa ne, sannan a kammala magudanan Pantami da Bolari a cikin Afrilu, tun ƙasa tana bushe ana iya shiga kwari a duba bakin kowane kwalbati.